Tambaya da Amsa: ChatGPT Ya Jero Mini Kakannina, In Yarda?

Tambaya: Ni haifaffen zangon Kumasi ne. Ana cewa kakan mahaifina bafataken goro ne daga Kano. Na tambayi ChatGPT asalinmu, ya jero mini sunaye bakwai har zuwa wani Sarkin Kano. In yarda da shi?

Amsa: Malam, kada ka yarda, kuma kada ka tura jerin nan a zauren WhatsApp na dangi, domin da zarar ya zaga zai zama "abin da aka ce". Irin wannan manhaja ta ƙirƙirarriyar basira tana harhaɗa kalmomin da suka saba zuwa tare ne a rubutun da aka horar da ita da shi. Sunayen sarakunan Kano sun cika littattafai, sunan kakanka kuwa da wuya a taɓa buga shi ko'ina. Sai ta cike giɓin da abin da ta fi gani. Ga kuma yanayin sunayenmu: Muhammadu ɗan Abdullahi nawa ne suka bi hanyar Gwanja? Mutum ɗaya ma yana iya zama Tanko a gida, Malam Audu a masallaci, Madugu a ayari.

Ka fara da tsofaffin gidanku, musamman mata, don su ne suka fi riƙe wa ya auri wa. Ka naɗi muryarsu a waya. Tambaye su lakabinsa, unguwarsu a Kano, zanen fuskarsa, da ko Ba'agale ne, ko cikin Tokarawa ko Kambarin Barebari yake, domin waɗannan ne suka yi fice a fataucin goro. Tambaye su kuma ko ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja a arewacin Ghana ta yau, saboda yaƙin basasar garin na 1892 ya watsa 'yan kasuwa da yawa zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa.

Bayan haka ne na'ura za ta yi maka rana. Za ta iya mayar da hirar da ka naɗa ta zama rubutu, ko da yake sai ka bi ka gyara, musamman sunaye. Za ta tsara maka wa ya haifi wa, ta nuna inda maganar gwaggo ta saɓa da ta kawu. Idan ka ɗauko hotunan takardun mulkin mallaka daga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kumasi ko Tamale ko Kaduna, wata manhaja mai suna Transkribus na karanta rubutun hannu na Turanci, ChatGPT kuma ya taƙaita maka. Duk sunan da ta fitar, koma ka gan shi da idonka a takardar.

Wasiƙu da takardun gado na ajami kuwa, waɗanda nake ganin sun fi komai daraja a binciken irin naka, ka kai wa malamin da ya iya karanta warash. Har yanzu na'ura na tuntuɓe sosai a rubutun hannu na ajamin Hausa.