Tambayi Likitan Haƙori: Neman Farin Haƙori a Gida da Asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Karantina, Jidda. Wata uku ke nan ina goge haƙorana da garin gawayi da lemon tsami kullum da dare, kamar yadda na gani a TikTok. Da farko sun yi haske, amma yanzu sun fi da rawaya, ruwan sanyi kuma ya gagare ni sha. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki daina tun daga daren yau. Haƙori hawa biyu ne: akwai farin ɓawo mai tauri a sama, wanda ake kira inamel, a ƙarƙashinsa kuma akwai dentin, wanda rawaya ne tun asalin halittarsa. A ma'aunin tsami, inda ƙaramar lamba ke nuna tsami mai ƙarfi, inamel yana fara narkewa da zarar an sauko ƙasa da 5.5, ruwan lemon tsami kuwa yana wajen 2. Wato lemon ya tausasa ɓawon, gawayi ya bi ya kankare shi. Hasken makon farko dattin sama ne ya fita. Da ɓawon ya yi siriri sai rawayan ciki ya bayyano, ƙananan ƙofofin da ke kaiwa ga jijiya suka buɗe, shi ne zogin da kike ji. Ɓawon da ya tafi ba ya tsirowa. Toka, gishiri da kanwa duk hanyarsu ɗaya.

Abin yi yanzu: ki sayi buroshi mai laushi da man goge baki na masu zogin haƙori a saidaliyya, wato kantin magani, ki duba a jikin kwalin akwai fuloraid 1,450 ppm da fotasiyam naitiret kashi 5 cikin 100. Ki goge na minti 2, safe da dare, ki tofar amma kada ki kuskure baki da ruwa, domin maganin ya zauna. In kin sha lemo ko wani abu mai tsami, ki jira rabin awa kafin ki sa buroshi. In bayan mako huɗu zogin bai lafa ba, likita ya duba ko akwai kogo.

Tambaya: Ni dattijo ne a Shari'ul Mansur, Makka. Ba na rabuwa da goro da shayi, ga gahawa in an yi baƙi. Asuwaki kuwa kowace salla sai na yi, amma gindin haƙorana ya yi ja har da baƙi-baƙi. An ce in aka wanke a asibiti haƙora na yin giɓi. Gaskiya ne?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Naka mai sauƙi ne, domin rinin goro da shayi a sama yake, bai shiga cikin haƙorin ba. Asuwakin itacen arak da ake sayarwa a kewayen Harami yana da amfani ƙwarai wajen cire dauɗa mai laushi, in ɗanye ne. A fere ɓawon bakinsa kamar santimita 1, a tauna ya yi laushi, a riƙa gogawa daga dasashi zuwa bakin haƙori a hankali, a yanke kan da ya tsufa kullum. Busasshen asuwaki a jiƙa shi tukuna, in ba haka ba yana cin dasashi har saiwar haƙori ta fito.

Sai dai dauɗar da ta kwana biyu takan daskare ta zama dutse, abin da ake ce wa jir a nan, kuma shi ne ke shan launin goro. Wannan ya fi ƙarfin asuwaki. A mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ka ce tanzif kake so, wato wankin haƙori. Likita zai farfasa dutsen da wata na'ura mai karkarwa da feshin ruwa, sannan ya goge haƙoran su yi sumul, cikin minti 30 zuwa 45. Giɓin da mutane ke gani bayan wankin dama yana nan, dutsen ne ya cike shi bayan ya tura dasashi baya, kuma barinsa shi ke sa haƙori girgiɗi. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Bayan goro ko shayi a kuskure baki da ruwa. In akwai mai ɗura shamma, wato garin taba na baki, a gidan, a gaya masa tata ɓarnar ta wuce launi, tana jawo kansar baki.

Tambaya: Likita, bikina saura wata ɗaya a Madina. Wata mai mashgal, wato shagon kwalliyar mata, ta ce za ta yi min tabyid, wato faranta haƙori, da haske cikin awa ɗaya da araha. Ina da ciko a haƙorin gaba, da haƙorin Makka a gefe. In yarda?

Amsa: Amarya, Allah ya sa alheri. Kada ki yarda. Abin da ke sauya launin cikin haƙori da gaske sinadari ne mai suna haidurojin feroksaid, wanda ke ratsa inamel ya wargaza rinin da ke ciki. Mai ƙarfinsa yana ƙona dasashi, in kuma akwai kogo ko tsaga zai zarce zuwa jijiya. Saboda haka aikin likitan haƙori ne mai lasisin hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya, kuma sai ya duba baki, ya yi tanzif, ya cike kogo kafin ya fara.

Hanya biyu ce. Ta farko a kujerarsa: ya rufe dasashi da wani danƙo mai kariya, ya shafa maganin mai ƙarfin kashi 25 zuwa 40, ya bar shi kamar minti 15, ya goge, ya maimaita sau biyu ko uku. Shuɗin hasken da ake tallatawa ba shi ne ke aikin ba, maganin ne. Farin da za ki gani a madubi ranar ma har da na bushewar haƙori, zai ɗan ja baya cikin mako guda. Kwana ɗaya ko biyu ana iya jin zogi kamar tsirar allura.

Ta biyu, wadda muka fi so wa mai wata ɗaya a hannu: likita ya auni bakinki ya ƙera miki roba mai laushi daidai haƙoranki, ya ba ki kabamaid feroksaid kashi 10 zuwa 16. Kashi 10 nasa daidai yake da wajen kashi 3.5 na haidurojin feroksaid, shi ya sa ya fi sauƙi ga haƙori. Tun 1989 ake amfani da wannan hanya. Ki goge baki, ki ɗiga maganin kamar ƙwayar shinkafa a gurbin kowane haƙorin gaba, ki sa robar, ki share abin da ya tsiyayo da auduga. Mai kashi 10 ana kwana da shi, mai kashi 16 awa biyu zuwa huɗu ne, har mako biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika robar da magani don a yi sauri: dasashi ya yi fari ya ƙone, haƙori bai ƙara komai ba. In zogi ya taso ki tsallake dare ɗaya. A kwanakin nan ki rage shayi, zoɓo, kurkum da jar miya.

Ciko ba ya jin magani. Sauran haƙora za su yi haske shi ya tsaya da tsohon launinsa, sai an sake shi, kuma sai mako biyu bayan gama tabyid, domin kafin nan sabon cikon ba ya kamawa sosai. Lissafa: mako biyu na magani, mako biyu na jira, wato a wannan makon ya kamata ki fara. Haƙorin Makka ba ruwansa da maganin, amma a duba gefensa, domin wanda aka sa ba daidai ba yakan ɓoye ruɓa a ƙarƙashi. Farin yakan kai shekara ɗaya zuwa uku, gwargwadon shan shayin mutum. Mai ciki da mai shayarwa su dakata.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 12 ya taso a ƙauye yana shan ruwan rijiya kafin mu dawo Riyad. Haƙoransa sun fito da ɗigo-ɗigon fari da ruwan ƙasa. A yi masa tabyid?

Amsa: Hajiya, alamun sun yi kama da yawan fuloraid a ruwan da ya sha lokacin da haƙoran ke ƙulluwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita. Maganin tetirasaikilin ma yana rina haƙori in an ba yaro kafin shekara 8, sai dai nasa ratsi-ratsi ne masu duhu. Duka biyun a cikin haƙori suke, guga ba ta fitar da su. A bar tabyid sai ya kai 18. Kafin nan likita na iya shafe tabon sama-sama ko ya rufe shi da farin ciko. In aka ce a yi masa rufin tangaran da ake kira murmushin Holiwud, ki ce a'a, domin sai an fere lafiyayyen inamel kafin a manna shi, kuma duk bayan shekaru sai an sake.