Bindigar farauta mai araha: ina kamfani ke rage kuɗi, me za a duba kafin a biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Mirya ne, na daɗe ina farautar zabi da zomo da kalibar 12. Yanzu ina son bindiga mai sakata (ƙarfen da ake ja da hannu a loda harsashi) wadda ke kai harsashi nesa, amma kuɗina bai kai na manyan ba. An nuna mini sabuwa mai ƙotar roba, ta zo da madubin saitinta a ɗaure, an kuma nuna mini wata tsohuwa mai ƙotar itace, kuɗinsu kusan ɗaya. Wasu suna ce mini mai araha ba ta riƙe saiti. Gaskiya ne? Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar cewa mai araha ba ta saiti ta tsufa. Tun da Savage Axis ta shigo kasuwa, Ruger American ta biyo ta a 2012, Remington 783 a 2013, sai Mossberg Patriot da Winchester XPR a 2015, lamarin ya sauya. Injunan da kwamfuta ke sarrafawa su ke yanka ƙarfen, saboda haka bututun mai araha ma yana fitowa daidai. Yawancin waɗannan, in sun samu harsashin da ya dace da su, za su tara harbi uku cikin faɗin santimita 3 zuwa 4 a nisan mita 100, kuma wannan ya ishi kowace farauta. Kamfani ba ya cika rage kuɗi a bututu. A abin da ke kewaye da bututun yake ragewa: ƙota, gidan harsasai, fentin ƙarfe, da madubin da ake haɗa maka kyauta. Nan za ka sa ido.

Kafin komai, takardu. Mallakar irin wannan bindiga sai da izinin Ma'aikatar Cikin Gida, farautar kanta kuma tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, wadda jami'an gandun daji ke kula da ita. Je ofishinsu a nan Damagaram ka ji wace dabba takardarka ta halatta maka, da lokacin da aka buɗe farauta. Gandun Termit da Tin Tumma, da aka keɓe a 2012, ba wurin harbi ba ne ko kaɗan. Bindigar da lambarta ta goge, ko ta saɓa da abin da ke rubuce a takarda, ko nawa aka rage maka kada ka taɓa ta.

To, abin da ya fi yanke hukunci a wurinmu harsashi ne, ba sunan kamfani ba. Ka fara zuwa wurin mai sayarwa mai lasisi ka tambayi wane kaliba yake kawowa duk shekara ba yankewa, sannan ka nemi bindigar da ke cin sa. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su sayi kyakkyawar bindiga da kwali biyu na harsashi, kwalayen su ƙare, bindiga ta koma jingine a ɗaki. Akwai wani abu da ya shafe mu: har zuwa 2013 dokar Faransa tana lissafa .308 Winchester da .30-06 cikin harsasan yaƙi, shi ya sa maharban can suka saba da 7x64 da .270 Winchester, kuma tsofaffin bindigogin da suka biyo ta Faransa sau da yawa waɗannan suke ci. Dukkansu huɗun suna aiki sosai. Tambayar ita ce wanne za ka samu baɗi.

Sannan ka ce zabi da zomo kake harbi. In haka ne, 7x64 ko .308 sun yi musu yawa ƙwarai. Za su wargaza naman, kuɗin harsashi ɗaya kuma zai saya maka na ƙaramin kaliba .22 LR da dama. Ƙaramar mai sakata irin CZ 457, ko yayyenta 452 da 455 in ka samu na hannu masu lafiya, za ta ɗauki zomo a mita 50 zuwa 70 ba tare da ɓarna ba. Babbar kaliba sai ga wanda takardarsa ta ba shi dabba irin gadu. Ka kuma tuna ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, cike da makiyaya da gonaki: ƙwayar .22 tana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, ta manyan kuwa kilomita 4 ko fiye. Hannun da ya saba da kalibar 12 yakan ɗaga baki sama ya bi tsuntsu. Da wannan bindiga ba a yin haka, sai akwai tudu ko jigawa a bayan dabbar.

Mu zo kan sabuwar. Ƙotar roba ba aibi ba ce, ba ta kumbura da damina, ba ta tsagewa da hunturu. Matsalarta laushi. Bututun irin waɗannan bindigogi an tsara shi ya tsaya a sarari, kada ya taɓa ƙota tun daga gaban mazaunin harsashi har baki. Ɗauki takardar jika, ka naɗe ta ƙarƙashin bututun, ka ja ta daga baki zuwa baya. Ya kamata ta wuce sumul. Sai ka ɗora goshin ƙotar a kan buhu, kamar yadda za ka yi in za ka harba, ka sake jan takardar. Idan yanzu ta maƙale, robar tana lanƙwasawa ta taɓa ƙarfe, kuma harbinka zai riƙa sauya wuri gwargwadon yadda ka danna ta. Matse goshin da bututun da yatsu biyu: in sun haɗu ba wahala, haka za su yi a daji. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana ƙara wa robar laushi, balle a bar ta cikin mota a rufe. Gyaran yana da sauƙi, a kankare cikin goshin da sanfefa naɗe a sanda har sarari ya kai kaurin takarda uku ko huɗu. Ruger American ta fi wasu a nan, domin an dasa ƙarafa biyu masu siffar V a cikin ƙotar, jikin bindigar a kansu yake zaune, ba a kan roba ba.

Kunama ita ce ta biyu. Mai nauyi tana sa ka ja bindigar gefe kafin ta tashi, sai ka zargi bututu alhali yatsa ne. Abin nema shi ne ta tashi a nauyin kilo 1,3 zuwa 1,8, a tsinke lokaci ɗaya, ba ta jan ƙafa. Axis ta farko kunamarta ta fi haka nauyi nesa. Axis II ta zo da kunama mai suna AccuTrigger da ake iya daidaitawa, kuma wannan bambancin ya cancanci ƙarin kuɗin da ke tsakaninsu. Kada ka bari wani ya goge haƙoran kunama da zarto don ta yi sauƙi. Sau da yawa taurin ƙarfen a fatarsa yake, in aka cinye shi sai haƙorin ya riƙa zamewa, wata rana bindiga ta tashi da rufe sakata kawai. Gwada makullin da ke hana ta tashi haka: tabbatar da ido da yatsa cewa ba harsashi, juya baki inda ba kowa, ɗana ta, sa makulli, ja kunama da ƙarfi, saki, sannan cire makullin. In allurar da ke bugun gindin harsashi ta buga, ajiye ta ka tafi.

Sakatar mai araha takan yi ɗan kaushi da farko, wannan yana gushewa da amfani. Abin da ba ya gushewa shi ne rashin ɗaukar harsashi daga gidansa. Gidajen roba masu cirewa su ne suka fi ba da wahala: leɓensu ya buɗe, ko maƙallinsu ya karye, sakata ta wuce ta saman harsashi ba ta ɗauka ba. A Turai sai a sayi wani. A nan kana iya jiran watanni. Saboda haka ka nemi na biyu tun ranar ciniki, tare da ƙugiyar da ke jawo kwanso da ƴar waya mai tsalle da ke riƙe ta, in akwai. Howa 1500 ta Japan, wadda ita ce dai Weatherby Vanguard da wani suna, ta ɗan fi tsada ta kuma fi nauyi, amma yawancinta gidan harsasanta a jiki yake, da murfi a ƙasa, ba abin da zai faɗi a daji. Remington 770 kuwa, da 710 da ta gabace ta, ba mu ba kowa shawarar su.

Fentin ƙarfen waɗannan bindigogi siriri ne, gumin hannu kaɗai yana sa shi tsatsa a Agusta. A shafe waje da tsumma mai ɗan mai bayan kowace fita. Amma sakata, lokacin ƙura, a bar ta kusan a bushe, ɗigo ɗaya a bayan haƙoran da ke kulle ta ya isa. Mai da ya haɗu da rairayi yana cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa.

Madubin da ya zo da ita, ka lissafa shi a matsayin kyauta, kada ya shiga cikin abin da kake biya. Mafi yawan ƙorafin "ba ta riƙe saiti" daga nan yake fitowa, ko dai cikin madubin ya saki saboda bugun harbi da girgizar babur, ko zobban da ke riƙe shi sun kwance. Notocin zobba kusan 2 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ake ɗaure su, ba iya ƙarfin hannu ba; matsewa fiye da haka tana lotsa jikin madubin. Yi alama da fensir a jikinsa dab da zobe, bayan harbi goma ka duba ko ya zame. In kasafinka kashi ɗari ne, ba wa bindiga sittin, madubi da zobba masu kyau ashirin da biyar, sauran na harsashin gwaji. Madubi mai ƙarfin 3-9x40 (mai kusanto da abu sau 3 zuwa 9), ko ma 4x tsayayye (sau 4 kawai), ya wadatar.

Tsohuwar tana iya fin sabuwar, tana iya zama asara, kuma ba a gane wa daga kyan itace. Idan Zastava M70 ce ta Sabiya, ko wata mai tsarin Mauser 98, ƙarfe ne zalla, da babbar ƙugiya da ke kama kwanso tun fitowarsa daga gida, tana jure ƙura fiye da yawancin sababbin. Cire sakatar, goge cikin bututu da tsumma, ka leƙa ta baya wajen haske. Tsagin da ke murɗe a ciki ya zama mai kaifin gefe, yana sheƙi. Baƙi-baƙi da ramuka alamar an harba tsofaffin harsasai masu gishiri ba a wanke ba. Duba santimita biyar na farko gaban mazaunin harsashi, inda wuta ke fara ci, sannan bakin bututu: ɗan ƙwarzane a gefen ramin ya isa ya karkatar da ƙwaya, ko da yake mai gyara zai iya sake yanka shi. Duba itacen bayan jikin ƙarfe da wajen riƙo, nan yake fara tsagewa, musamman in mai ya jiƙa shi ya yi baƙi.

Abu biyu a tsohuwa sun shafi rai. Na farko, tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi. In ta yi yawa kwanso yana miƙewa ya tsinke, iskar wuta ta dawo fuska. Mai gyaran bindiga yana auna ta da ma'auni na musamman. In babu, duba kwanson da aka harba: zobe mai haske a kewaye, ɗan sama da gindi, ko ƴar ƙwayar gindin da allura ke bugawa ta turo waje, duka alamun haɗari ne, ka guje ta. Na biyu, karanta abin da aka buga a jikin bututu harafi da harafi. 8x57 iri biyu ce, I mai ƙwayar milimita 8,09 da IS mai 8,22, kuma sa ta biyun a bututun ta farko haɗari ne. 7x64 da 7x65R ma ba ɗaya ba ne.

Kowacce ce, kada ka biya sai an harba, a wurin da hukuma ta yarda. Kafa kwali a mita 100, ɗora bindiga kan buhunan rairayi biyu, ɗaya a goshi ɗaya a gindi. Harba uku, kana barin minti biyu ko uku tsakani, domin siririn bututu yana zafi da wuri ya fara watsa harbi. Bari ta huce, ka sake uku, ka kuma sakewa. Rukuni ɗaya mai kyau na iya zama sa'a. Abin dubawa shi ne ko rukunan uku sun faɗa wuri guda, da kuma inda harbin farko na bututu mai sanyi ya sauka, tun da shi ne zai samu dabba. Ajiye harsasai a inuwa. Wanda ya sha rana ƙarfinsa yana ƙaruwa, za ka ji sakata ta yi tauri wajen ɗagawa. In harbi ya jeru sama da ƙasa, zargi ƙota ko notocin da ke ɗaure ta da ƙarfe. In ya watse ko'ina, fara da madubi, sannan ka gwada harsashin wani kamfani kafin ka yanke wa bututu hukunci.

Tsakanin biyun da aka nuna maka, wadda harsashinta ke samuwa ita ce gaba. In duka ana samu, kuma tsohuwar ta wuce gwajin bututu da na kwanso, mu ita za mu ɗauka, saboda ba ta da sassan roba da za a rasa madadinsu. In ba wanda zai auna maka ita, ɗauki sabuwar, ka nemi a rage maka kuɗin madubin ko ka sauya shi, ka kuma haɗa da gidan harsasai na biyu kafin ka bar shagon.