Amsoshin Tambayoyinku: Furen Wardi Mai Ƙamshi da Matsalar Irin Jabu

Tambaya: Akwai babbar bishiya a lambuna, shin zan iya dasa wardi mai ruwan hoda a gindinta?

Amsa: A'a, malam. Wardi yana bukatar rana ta aƙalla awa 6 a kullum, kuma saiwar bishiyar za ta shanye ruwa da takin da ka zuba masa. Ka nema masa sarari, ka haƙa rami mai zurfin kamar santimita 50, ka cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki.

Tambaya: Na sayi ƙwayar irin wardi ta intanet, a hoton akwai mai ruwan hoda da shuɗi da mai launin bakan gizo. Wata uku ke nan ciyawa kawai ta fito. In ƙara saye?

Amsa: Kada ki ƙara ko da ƙwaya ɗaya, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da irin wannan wasiƙa ta iso, domin zambar a fili take. Wardi ba ya samar da sinadarin launin shuɗi da kansa. Ko wanda kamfanin Suntory na Japan ya fara sayarwa a 2009, bayan an sauya masa ƙwayoyin halitta, launinsa ya fi kusa da shunayya. Shi kuwa mai launin bakan gizo, farin fure ne da aka yanke, aka tsaga kararsa, aka tsoma kowane tsagi cikin rini daban, don haka babu irin da zai fitar da shi. Ko da a ce ƙwayar wardin gaske aka turo miki, wardin lambu ba ya maimaita kamannin uwarsa idan an shuka shi daga iri. Ta yankan reshe ko ta aure, wato haɗa reshensa da gindin wani wardi, ake yaɗa shi.

Abin da ya dace shi ne ki sayi dashe mai rai wanda ke ɗauke da sunan nau'insa, kamar Gertrude Jekyll, mai ruwan hoda da ƙamshi mai ƙarfi, wanda masanin noman wardi David Austin ya fitar a Ingila a 1986. Ki je wurin masu sayar da dashe da safe lokacin da ƙamshi ya fi tashi, ki sunsuna furen da hancinki, domin ƙamshi na nau'i ne, babu takin da zai sa shi ga wanda ba shi da shi. Ki duba gaɓar auren, wato kumburin da ke ƙasan kara, ki tabbata ba ta tsage ba.

Tambaya: Wardin da mahaifiyata ta dasa kafin rasuwarta ganyensa yana yin baƙin ɗigo, ya koma rawaya ya zube. Ina tsoron ya mutu.

Amsa: Allah Ya jiƙanta da rahama, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, domin wannan cuta da wuya ta kashe shi idan an tare ta. Laima a kan ganye ce ke yaɗa ta. Ki tsinke ganyen da ya kamu, ki share wanda ya zuba a ƙasa ki fitar da shi daga lambun, ki riƙa ba shi ruwa a gindi da safe ba tare da jiƙa ganye ba. Sannan ki yanki lafiyayyen reshe mai tsawon santimita 20 ki kafa a tukunya cikin inuwa, domin ki sami wani daga jikinsa.