Ga ƙanenmu na Daura da zai shiga situdiyo karon farko

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayar ƙanenmu na Daura, na bari sai na samu natsuwa. Ya ce wata huɗu ke nan yana bin darussan waƙa a YouTube, har yana biyan wani malami a ƙasar waje suna haɗuwa ta Zoom sau ɗaya a mako. Yanzu ya kama lokaci a wani situdiyo nan Katsina, nan da mako biyu zai ɗora muryarsa a waƙarsa ta farko. Yana son sanin ko karatun intanet ɗin ya wadatar, da kuma yadda zai shirya.

Ƙanena, ni da amshi na fara. Na daɗe ina tsaye bayan wani kafin in koma gaban kwamfuta ina ɗaukar muryoyin mutane, don haka abin da zan faɗa maka abin da na gani ne da idona.

Kuɗin da kake ba malamin nan ba asara ba ne. Abin da ya koya maka na jan numfashi daga ciki maimakon ɗaga kafaɗa, da karkarwar leɓe irin ta yara in suna kwaikwayon mashin, da hura tsinken shan lemo a cikin kofin ruwa kana guna, duk gaskiya ne, kuma mu ba mu samu mai gaya mana su da wuri ba. Riƙe su. Sai dai ka san Zoom yana da jinkiri, sautinka ba ya isa wurinsa a daidai lokacin da ka fitar, shi ya sa ba za ku iya rerawa tare ba. Kuma an gina shi ne don magana, in ka ja murya mai tsawo yakan ɗauka hayaniya ce ya datse ta. Akwai wurin da ake kunna ainihin sauti a cikin saitinsa, ka nema ka kunna. Abin da ya fi shi ma, ka ɗauki kanka da waya a ɗaki mai katifa da labule, ka tura wa malamin tun kafin darasi. In ta WhatsApp ne, tura shi a matsayin fayil, kada ka danna makirufon nan na saƙon murya, yana matse sautin.

Amma akwai abin da malamin nan ba zai taɓa ji ba, ko da sabis ɗin ya fi na kowa kyau, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani. Ba ya jin Hausa. Harshenmu kowace kalma da karinta take tafe, wata gaɓa sama wata ƙasa, wani wasali gajere wani dogo. Wuyan da ake rataya sarƙa da wuyar da talaka ke sha, rubutunsu ɗaya, kari ne ya raba su. Garin da ake zama da garin tuwo, jan wasali da kari ne tsakaninsu. Shi malaminka zai ji ka hau daidai kan sautin fiyano ya ce madalla, alhali ka karya kalmar.

Wani yaro ya taɓa zuwa wurinmu da baiti mai taɓa zuciya a kan wuyar maraici. Murya gare shi, Allah Ya ba shi. To karin da ya ɗora wa waƙar ya ɗaga gaɓar farko ya sauke ta biyu, sai wuyarsa ta koma wuyan riga. Mai kawo mana shayi, wanda bai san komai game da kiɗa ba, ya tsaya da tire a hannu ya ce, "Wuyan wa?" Nan take muka gane. Sai da muka juya karin layin gaba ɗaya, awa guda ta tafi a kan abin da da a gida za a gyara shi kyauta. Kai da kake Daura, inda kabarin Alhaji Mamman Shata yake tun rasuwarsa a 1999, ka saurari yadda kalangu ke bin bakin makaɗan wancan zamani. Kalangu yana iya magana ne saboda yana kwaikwayon hawa da saukar harshe. Su kalma ce ke jan kari, ba kari ke jan kalma ba. Don haka kafin ka zo, ka rera waƙarka ba kiɗa a gaban Inna ko wani dattijo a gida. Duk layin da aka ce "me ka ce?", wannan layin bai nuna ba tukuna.

Sai maganar shiri. Situdiyo ba makaranta ba ce, wurin ɗaukar abin da ka riga ka iya ne. Ka roƙi mai haɗa kiɗan ya turo maka shi tun yanzu, ko da bai kammala ba. Ka gwada wurin da muryarka ta fi hawa a waƙar. In sai ka ɗaga haɓa jijiyar wuya ta fito kafin ka kai, gaya masa ya sauke kiɗan, abu ne na minti ɗaya a kwamfuta, amma in kun riga kun ɗora rabin waƙa sai an sake daga farko. Ka haddace baitocin ka kuma sa alama a inda za ka ja numfashi. Mai karantawa daga takarda ko waya, ana jin karatun a muryarsa, kuma kansa yana sunkuyawa ya bar makirufo.

Yanzu ga hunturu ya kama. Wannan iskar ita ce babbar abokiyar gabarka, ni ta taɓa kayar da ni. Ranar da zan fara ɗaukar waƙa tawa ta kaina, na kwana a gidan kallon ƙwallo ina ihu, da safe kuma na hau mashin daga Ƙofar Ƙaura cikin hazo ba takunkumi ba rawani. Na shiga ɗakin ɗauka, na buɗe baki, saman muryata babu. Na yi ta kakari ina ƙara ɓata ta. Kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa ya tafi, na fito ina jin kamar in yi kuka. Kai kuma tafiyar kusan kilomita 80 ce a gabanka ta Mashi, gilashin mota a buɗe. Ka rufe hanci da baki, in da hali ka kwana a Katsina, ka kama lokacin bayan azahar ko la'asar, don murya ba ta gama farkawa da sassafe.

Ruwa kuma tun kwana biyu kafin ranar za ka fara sha sosai, ba a ƙofar situdiyo ba. Abin da ka haɗiya ba ya bi ta kan tantanin murya, hanyarsa daban, sai jiki ya sha shi sannan ya kai can. Haka zuma da citta, suna sanyaya maƙogwaro kuma ba na hana kowa, amma ba sa dawo da muryar da aka wahalar. Abin da ke isa wurin kai-tsaye shi ne tururi: ruwan zafi a roba, ka lulluɓa da tawul ka yi sirace na 'yan mintoci, ba sai ka zuba komai a ciki ba. Kada ka ci tsire da yaji ka kwanta nan take a daren, ƙwannafi yana ƙona maƙogwaro cikin barci. Shisha da sigari ba sai na faɗa ba. In murya ta gaji, yi shiru, kada ka koma raɗa, raɗa ma wahalar da ita take yi. In kuma disashewa ta wuce mako biyu zuwa uku ba mura, ka bar jiƙe-jiƙe ka je ka ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

A ranar, kada ka sa sabuwar shadda. Na san ana son a fito tsaf, amma makirufon situdiyo yana jin ƙarar shadda mai sitati kamar ana taka busasshen ganye. Sa riga mai laushi. Za a kashe fanka, za ka yi gumi, ka zo da ruwanka wanda ba na firji ba. Ka tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirufo, ragar nan da ke tsakaninku ka bar ta a wurinta, ita ke tare iskar f da b da ƙ da ts. In za ka ɗaga murya ka ɗan ja baya. In ka sa hedifon ba ka jin kanka sosai, ka faɗa, ba rashin kunya ba ne, don wanda ba ya jin kansa ihu yake yi ya sauka daga kan kari. Wasu kan zame kunne ɗaya, ka gwada. Kuma don Allah kada ka kwaso abokai. Mutum ɗaya mai gaya maka gaskiya ya isa. Na sha ganin yaro ya iya waƙarsa, amma idon abokai shida ta gilashi ya sa ya kasa sakin jiki.

Za a ce maka kada ka damu, Auto-Tune, wato manhajar gyara murya a kwamfuta, zai gyara. Abin da yake yi shi ne ya ja muryarka zuwa sauti mafi kusa a cikin ma'aunin da aka saita masa. In ka kauce kaɗan zai dawo da kai, in ka kauce da yawa zai kai ka wani sautin daban. Ba ya ƙara maka numfashi, ba ya gyara kalmar da ka haɗiye, wuyan rigar nan ma ba zai mai da shi wuyar maraici ba.

Kafin ka biya ko sisi, ku yi magana a fili: kuɗin na waƙa ne ko na awa, gyara sau nawa ke ciki, in wuta ta ɗauke wa ke sayen mai. Ka ce kana son waƙar a WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, ba MP3 kaɗai ba, tare da muryarka zalla wadda ba a sa mata komai ba. Ka zo da filashi ka karɓa a ranar, kwamfuta tana lalacewa.

Ka turo mana baiti ɗaya da amshin a nan, ba kiɗa, da muryarka kawai. Akwai masu kunne a cikinmu da suka fi ni, mu saurara tun da sauran mako biyu.