Yarona na CI yana kuka in za a tafi lakwal

Ƴar'uwa, kin ce ɗanki da ya shiga CI, wato ajin farko na makarantar boko, a Birni kullum da kuka yake fita. Don Allah kada ki fara da bulala. Yaron da ya tashi da Hausa, rana ɗaya a tare shi da Faransanci, dole cikinsa ya ɗuri ruwa. Nawa ma haka ya yi, ashe dariya ake masa in ya kasa rubutu a allo. Bayan la'asar ki zaunar da shi kan tabarma, ki miƙa masa alli, ki bar shi ya zama malaminki. A nan bakinsa zai buɗe. Sannan ki ga mushensu, wato malaminsu, a keɓe, ba gaban yara ba. Kuma kada ya fita bai sha koko ba.