Tambaya da Amsa: Yadda Ake Tunawa da Uban da Ya Yi wa Jama'a Hidima

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa wata biyu da suka wuce. Ya bar mahaifiyarmu da mu bakwai, biyu ba su balaga ba. Ya fi shekara talatin yana hidimar unguwa ba ko sisi: shi ne ma'ajin kwamitin maƙabarta, shi ke kiran gayyar yashe kwata kafin damina. Muna so mu ɗebi wani abu daga dukiyar da ya bari mu haƙa masa rijiyar burtsatse. Ta ina za mu fara? Mai karatu daga Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata namu zuwan. Ruwa sadaka ce babba. Da Sa'adu bin Ubada ya tambayi Manzon Allah (SAW) sadakar da ta fi bayan rasuwar mahaifiyarsa, shayar da ruwa aka nuna masa. Amma ba da rijiya za ku fara ba.

Wanda ya riƙe ma'aji shekara talatin, da wuya a ce babu kuɗin jama'a a hannunsa. Yawancin irin waɗannan kwamitoci ba su da asusun banki na kansu, kuɗin ya kan kwanta a asusun ma'aji ko a cikin akwatinsa, gauraye da nasa. Ku nemo littafin da yake rubuta shiga da fita, ku duba saƙonnin banki da ke wayarsa, sannan ku zauna da shugaban kwamiti da sakatare a gaban liman ko mai unguwa a daidaita lissafi. Haka kayan aiki: diga, shebur, baro, makara, yadin likkafani da aka saya don marasa hali. Duk wannan amana ce, ba ta shiga gado. A miƙa a rubuce, shaidu biyu su sa hannu.

Kada kowa ya ɗauki katin cirar kuɗinsa ya je ya zaro, ko da niyyar alheri ce. Daga ranar da ya cika, kuɗin ya bar hannunsa, kuma nan ne zargi ke fara shiga tsakanin 'yan'uwa. Ku karɓi takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, banki kuma zai nemi takardar kotu da ke ba ku ikon kula da dukiyar kafin ya saki ko kwabo.

Bayan amana, tsarin shari'a a jere yake: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sai gado. Bashi ya haɗa da ragowar sadakin mahaifiyarku idan akwai, abin da gidaje da yawa ke jin kunyar tadawa. A ce a asusunsa akwai naira miliyan 3, ta tabbata 400,000 na kwamiti ne, ana kuma binsa 200,000. Abin da ya rage 2,400,000. Idan ya yi wasiyyar a haƙa rijiya, iyakar abin da za a fitar mata 800,000. Idan bai yi ba, ba ku da hurumin taɓa komai kafin rabo: mahaifiyarku na da tumuni (kashi ɗaya cikin takwas), wato 300,000, iyayensa idan suna raye kowannensu na da kashi ɗaya cikin shida, sauran na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Bayan kowa ya karɓi nasa, baligin da ya ga dama ya bayar. Kason ƙannenku biyu ba a taɓa shi, ko da sun ce sun yarda, domin dukiyar maraya ce.

In kuɗin ya haɗu, ku fara biyan masanin da zai auna ƙasa ya nuna inda ruwa yake, kada ku bi son zuciyar a haƙa a ƙofar gida. Ku nisanta ta da masai aƙalla mita 30. Filin kuma a rubuta shi waƙafi, don kada magadan mai fili su zo daga baya su kewaye. Abin da ya fi kashe irin waɗannan rijiyoyi rashin mai gyara ne. Fanfon tuƙa-tuƙa robobin cikinsa na cinyewa, injin da ke cikin rijiya kuma yakan ƙone idan ruwa ya ja baya yana ta aiki a bushe. Ku ware kuɗin gyara tun farko, ku ɗora mutum biyu da sunansu a kan kula da ita.

Tambaya: Ina so in rubuta ɗan littafin tarihin mahaifina don jikokinsa. Ba shi da takardar haihuwa, kuma kowa na faɗar shekarunsa daban. Yaya zan yi? Mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: Malama, ki fara da tsofaffi, yau ba gobe ba: ƙannensa, abokan tasowarsa, da mahaifiyarki idan ta samu natsuwa. Kwanakin takaba, wata huɗu da kwana goma, lokaci ne da take zaune a gida, amma ki bari ita ta buɗe zancen. Ki ɗauki murya da waya bayan kin nemi izini, mutum ɗaya a kowane zama, kada ya wuce minti arba'in. In kika haɗa su wuri ɗaya, wanda ya fi girma zai yi magana, sauran su yi ta cewa haka ne.

Kada ki tambayi shekara, ki tambayi lamari. Yana ina aka yi juyin mulkin Seyni Kountché a watan Afrilun 1974? Ya yi aure kafin farin 1973 zuwa 1974 ko bayansa? Ranar samun 'yancin Nijar, 3 ga Agusta 1960, an yi masa kaciya? Ga masu karatu na Najeriya, akwai kisan Sardauna a Janairun 1966, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, komawa tuƙin hannun dama a 1972, canjin fam zuwa naira a Janairun 1973, da kisan Murtala a Fabrairun 1976. Amsa uku irin wannan sukan matse shekarar haihuwa zuwa tazarar shekara biyu ko uku. Sai ki rubuta "wajen shekara kaza". Shekarar da ke kan fasfonsa na aikin Hajji kada ki amince da ita kai tsaye, galibi ƙiyasi aka yi a ofis.

Ki duba bangon Alƙur'aninsa da cikin gafakarsa. A zamanin da, malamai sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'ya a nan da lissafin Hijira. Ki ninka shekarar da 0.97, ki ƙara 622, za ki samu ta Miladiyya da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ba. Misali 1380 za ta ba ki 1960.

Wajen rubutun, ki rage "mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai son zumunci". Kowane mamaci haka ake faɗa masa, jikan da bai san shi ba ba zai ga kowa a cikin waɗannan kalmomi ba. Ki rubuta abin da aka gani: ƙarfe nawa yake fita, wane keke yake hawa, wa yake kai wa cefane a ɓoye. Wanda ya taimaka wa a asirce kuwa, kada ki sa sunansa sai da yardarsa. Rigimar gida da ta mutu, ki bar ta a kwance.

Tambaya: Maigidana ya rasu bara. Shi ke share maƙabartar garinmu duk Asabar. Ba ni da ƙarfin rijiya. Me zan iya yi masa? Wata uwa daga Azare.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Ki sa yara su dasa masa darbejiya goma a gefen katangar maƙabartar, da izinin kwamiti, nesa da kaburbura saboda saiwa. A jira damina ta zauna, wajen watan Yuli. Rami ya kai zurfin kamu ɗaya, tsakanin bishiya da bishiya taku bakwai ko takwas, a cire ledar da dashen ya zo a ciki kafin a binne. Kowane dashe a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, don awaki sun fi fari kashe dashe. Ranin farko a riƙa ba kowanne bokiti ɗaya sau biyu a mako, daga Nuwamba har ruwa ya sauka. Babban ɗanki kuma ya je wurin kwamiti ya karɓi Asabar ɗin mahaifinsa, da tsintsiyar da manjagarar.