Wurin tiyatar ƙashi yana tsattsafo da ruwa: me za mu yi?

TAMBAYA: Likita, maigidana ya karye a cinya, aka yi masa tiyata aka sa ƙarfe, yau mako 3. Wurin ɗinkin yana fitar da ruwa fatsi-fatsi. Mai kemis ya ba mu Ampiclox, ya bushe kwana biyu kuma ya dawo. A asibiti ya kwaso cutar? Hankalina ya tashi.

AMSA: Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Ku koma wurin likitan da ya yi aikin yau ko gobe, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.

Ɗan tsattsafo a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Amma wanda ya wuce mako guda, ko ya tsaya ya dawo, mukan ɗauke shi a matsayin ƙwayoyin cuta har sai gwaji ya nuna ba haka ba. A ƙa'idar sa ido ta hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC), a irin wannan aiki na gyaran karaya da ƙarfe, cutar da ta shiga can ciki a kwana 90 na farko ana lissafa ta da tiyatar. Wannan ba ya nufin lallai an yi sakaci, don ƙwayar cutar da ta fi yawa, Staphylococcus aureus, sau da yawa a fata ko hancin majinyacin take zaune. Duk da haka hakkin asibiti ne ya rubuta ta a rajista, domin idan mutum uku huɗu daga ɗakin tiyata ɗaya suka dawo da irin wannan, sai a binciki tukunyar dafa kayan aiki da wankin hannu. Abin takaici, a wurare da dama rajista takan ƙare ne ranar sallama.

To, maganar kemis. Wannan tunani na cewa kafso yana busar da ciwo shi ke lalata ƙafafun mutane. Ƙwayoyin cuta suna manne wa ƙarfe su lulluɓe kansu da wani yauƙi, kamar gansakuka a jikin randa. Jini ba ya bi ta cikin ƙarfe, don haka maganin da aka haɗiya na sama-sama kawai yake kashewa. Fata ta bushe, gida a yi hamdala, cuta kuwa tana cin ƙashi. Ɓarna ta biyu, idan muka ɗebi samfur muka kai awo, sau da yawa ba abin da ke tsirowa saboda maganin ya danne shi, sai a koma yin magani da ka. Ta uku ita ce lokaci. A makonnin farko ana iya buɗe wurin, a wanke, a yanke ruɓaɓɓen nama, a bar ƙarfen. Idan aka ja watanni ana sayen kafso, ƙarfen zai saki, ƙashi ya ƙi haɗewa, a shiga tiyata biyu ko uku. Masu fasa kafso su barbaɗa garin a kan ɗinki, da masu cewa jiki ne ya ƙi ƙarfe a kai wa mai ɗori, don Allah su ji tsoron Allah.

A asibiti za a yi awon jini na CRP da ESR, masu nuna alamar kumburi a cikin jiki. CRP yakan hau kwana 2 zuwa 3 bayan aiki, ya sauka cikin mako 2 zuwa 3, don haka sake hawansa alama ce. Za a ɗauki hoton ƙashi, a ɗebi nama daga can ciki, domin gogen auduga a bakin ciwo yana yaudara. Ku tafi da kwalin maganin, ku faɗi ranar da ya fara sha.

Kafin nan, idan gefen ɗinkin ya yi ja, ki zagaye iyakar jan da biro ki ga ko yana faɗaɗa, ki auna zafin jikinsa safe da yamma. Idan yana da ciwon sukari a auna, idan yana shan taba ya daina. Zazzaɓi na digiri 38, rawar ɗari, wari, ko ruɗewa, ku kai shi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.